Hoton Husufin Rana a Bayan Shagon Paschal

Maharazu mai hoto ne a Daura. Yana da wata tsohuwar kyamara mai faɗin fim, wadda hoto goma sha biyu kacal take ɗauka kafin fim ya ƙare. Da rediyo ya sanar za a yi husufin rana a ƙarshen Maris na 2006, sai ya aro ƙaramin madubin hangen nesa wurin wani malamin kimiyya, da niyyar ɗaukar ranar.

Bakin kyamarar ya fi na madubin faɗi, suka ƙi haɗuwa. Ya kwashe su ya kai wa maƙwabcinsa Paschal, mai sayar da kayan gyaran babur. Paschal ya yanko guntun bututun salansar babur, suka cusa tsakani, suka ɗaure da robar taya. Da suka ɗora a kan ƙafafun madubin, nauyin kyamarar ya rinjaye shi, sai da suka rataya tsofaffin ƙarafa a ɗaya gefen ya tsaya. A gaba kuma suka liƙa baƙin gilashin walda, don kada rana ta ƙona fim ko ido.

Ranar da abin zai faru suka kafa madubin a fili bayan shagon Paschal. Wajen ƙarfe tara da rabi rana ta fara gutsurewa. Maharazu ya ɗauki hoto huɗu, yana gyara saiti duk sa'ad da ta gota. Can sai lasifikar masallacin unguwa ta kira sallar husufi. Ya dubi kyamara, ya dubi mutane suna wucewa da tabarmi.

"Malam, je ka yi salla," in ji Paschal. "Nuna mini kawai."

"Oga, in duhu ya rufe, cire gilashin. Ka danna nan, ka murɗa wannan fim ya matsa gaba, sannan ka sake dannawa. Kada ka manta da murɗawar."

Maharazu yana cikin sahu gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki. Da aka sallame ya dawo da sauri, ya tarar da Paschal zaune a ƙasa.

"Ka ɗauka?"

"Na danna dai. Ban taɓa ganin taurari da hantsi ba."

Bayan kwana uku Maharazu ya wanke fim ɗin. Huɗun da ya ɗauka da kansa sun fito, amma ƙanana ne, ba armashi. Na Paschal biyar sun girgiza, biyu baƙi ƙirin. Na ƙarshe kuwa ya fito tsaf: baƙin da'ira, farin haske kewaye da shi.

Ya buga guda biyu manya, ya kai wa Paschal ɗaya. Paschal ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a buga masa wani ƙarami, zai aika wa mahaifiyarsa a garinsu, Nnewi.