Jeren da Muka Yi wa Asibitin Kanyar Dabo

Ni Barakatu, duk Kanyar Dabo an san ni da abu biyu, saurin fushi da iya tarbar baƙo. Fushin bai taɓa jawo mini asarar da ta wuce ƙwarya ɗaya ko biyu ba. Tarbar baƙon ce ta cuce ni.

Garinmu yana ƙasar Baure, bayan wani rafi da in ya cika da damina ko babur ba ya haye shi. Muna da asibiti, in dai za a kira ɗaki uku da rabin rufi asibiti. Malamin asibitin, Mainasara, mutum ne mai haƙuri, ya iya allura da ɗaurin ciwo, amma shi da bakinsa yake cewa haihuwa ba karatunsa ba ce. Ɗakin da aka rubuta wa ɗakin haihuwa kuwa, jemagu ne kaɗai ke haihuwa a ciki.

Autata Rahmatu ta yi ciki sau biyu. Duka biyun naƙuda ta yi gardama, duka biyun a kan amalanke aka rasa ɗan kafin a kai bakin titi. Shekara huɗu da ƙaddamar da shari'a ta sake samun ciki, lissafi ya nuna tsakiyar damina za ta sauka. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai gwamnati ta turo mana ungozoma mai ilimin asibiti kafin ruwa ya sauka. Muna da tamu ta gargajiya, Haulatu, tana da hannu mai albarka, amma idan ɗa ya zo a gicciye iyakarta addu'a.

Ana nan sai takarda ta zo wa mai gari cewa ranar Talata za a zo duba asibiti. Ba ta faɗi dalili ba. Aka taru a ƙofar gidansa, mu mata muna daga cikin zaure. Mainasara ya ce shi a ganinsa a bar asibitin yadda yake, ko shara kada a yi, su ga abin da muke ciki da idonsu.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ɗaga murya daga bayan labule na ce, "Malam Mainasara, kai in masu ba ka 'yarsu za su zo ganin ɗaki, kashin jemage kake nuna musu? Wa zai turo 'yarsa ta zauna a kango? Ranka ya daɗe, a bar mana wannan, aikin mata ne."

Maza suka yi dariya, mai gari ya ce Barakatu ta yi gaskiya. Mainasara ya sunkuyar da kai.

Wallahi ko 'yar hakimi ba a yi wa jeren da muka yi wa asibitin nan ba. Kwana uku muna shara da wanki da shafe bango da farar ƙasa. Maza suka aro kwanon rufin da aka saya don sabon masallaci suka rufe inda ke yoyo. Kowace mace ta kawo abin da take ji da shi, labule, tasoshi, fitila, zannuwan gado. Ni na sa aka kwance gadona na ƙarfe, wanda aka kai ni gidan miji da shi, aka kafa shi a tsakiyar ɗakin haihuwa da sabuwar katifa. Haulatu muka ɗinka mata farin hijabi har ƙasa. Da muka gama na tsaya a ƙofa ina kallo, har ƙwalla na yi don daɗi.

Ranar Talata da hantsi mota ta iso. Shugabarsu mace ce, Hajiya Khairat, 'yar cikin Daura, da maza biyu da takardu a hannu. Ba mu bari sun taka asibitin ba sai da suka sha fura da nono suka ci zabbi. Da aka shiga, ta duba rufi ta yi alama a takarda, ta taɓa katifa ta yi alama. Ta juya ga mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata damuwa?"

"Lafiya lau, Hajiya, sai godiya."

To me zai ce? A garinmu ba a kai wa baƙo kuka da maiƙon zabo a hannunsa. Ta dube ni ta ce, "Iya, wa ke karɓar haihuwa a nan?" Na nuna Haulatu cikin farin hijabinta. Mainasara ya buɗe baki zai yi magana, na galla masa harara, ya rufe. Motarsu na ɓacewa kowa ya zo ya kwashe kayansa, masallaci ya karɓi kwanonsa.

Bayan wata biyu Mainasara ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai ko zauna ba. Ya ce an fitar da garuruwa biyar da za a gyara wa asibiti a tura musu ungozoma, waɗanda aka samu a lalace. Namu an rubuta cewa yana aiki, da gado, da rufi, da mai karɓar haihuwa. Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma shirun nasa ya fi mini zafi.

Washegari na hau mota zuwa Daura, na yi ta tambaya har na sami ofishin Hajiya Khairat. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don asirin garinmu na je tonawa da bakina. Na ce, "Hajiya, gadon nan da kika gani nawa ne. Rufin na masallaci ne. Haulatu ko alif ba ta sani ba a boko. Ni na shirya komai."

Ta dube ni ta ce, "Iya, na sani. Gwamnati ba ta sayen labule mai furanni."

"Kin sani? To don me kika rubuta?"

"Asibiti ashirin da uku muka zaga, aka ce mu zaɓi biyar. Duk wanda ya ce mini lafiya lau, sauƙi ya yi mini."

Fushin nan nawa ya taso. Na ce, "Mu kunya ce ta sa mu, ke kuwa aikinki ne. Ba don ki ci zabo aka turo ki ba. Kullum ana wa'azi a rediyo cewa wanda aka ɗora wa amanar jama'a sai an tambaye shi a kan kowa, ke ba ki ji?" Ban ɓoye mata maganar Rahmatu ba, da 'ya'ya biyun da muka binne.

Ba ta yi gardama ba, kuma na ga idonta ya kaɗa. Ta ce takardar ta riga ta wuce Katsina an sa hannu, amma za ta rubuta ta ce ita ta yi kuskure. Na yarda ta rubuta ɗin, don daga baya Mainasara ya ga kwafin. Amsa ce dai ba ta zo ba har ruwa ya sauka.

Naƙudar Rahmatu ta tashi ranar wata Alhamis da azahar, bayan an kwana biyu ana ruwa. Rafi ya cika har ya shafe gonakin bakinsa. Na sa aka sake kwance gadona aka kai asibitin, muka ja shi gefen da ba ya yoyo. Haulatu ta yi iya yinta, Mainasara yana daga bakin ƙofa yana faɗa mata abin da ya tuna daga littafi. Kafin asuba aka samu Rahmatu da rai. Ɗan namiji ne, cikakken yaro mai gashi, bai yi kuka ba.

Da ta farfaɗo ta ce, "Inna, ki bar kukan nan, haka Allah Ya so." Na san haka ne, ban musa ba. Amma na san kuma wa ya ɗaga murya daga bayan labule. Gadon ban sake mai da shi gida ba, ba na iya kwanciya a kansa.

Da shekara ta zagayo takarda ta sake zuwa cewa za a zo duba asibiti. Ranar da sassafe na ga mata sun nufo da tsintsiya, ai ba a iya raba mu da hali. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar asibitin na zauna, na ce duk wadda ta share ko kara ɗaya ni da ita ne. Mai gari ya aiko a kama zabbi, na ce a gaya masa ruwan randa ya isa. Rahmatu ta zo ta zauna kusa da ni, ba goyo a bayanta.

Hajiya Khairat ce ta fara fitowa daga motar. Ta dubi Rahmatu, ta dubi bayanta, sai ta rage tafiya. Ta durƙusa ta ce, "Iya, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Shekara sittin ina amsa gaisuwar nan da kalma ɗaya, har ta zo mini bakin harshe. Na haɗiye ta.

"Ba lafiya ba, Hajiya," na ce. "Ɗauko takardarki, ki tuɓe takalmin nan mai tsini, ƙasan duk kashin jemage ne."