Mai Jira a Bayan Dutse

A Gusau, inda Mu'awiya ya tashi, magidanci ba ya gudu haka kawai. In ka ga babban mutum ya falla a guje, to ko gobara ce ko an yi ihun ɓarawo, kuma duk wanda ya gan shi sai ya tare shi da "Lafiya?" Shi ya sa ya daɗe yana gudu a Dubai ba tare da ko mutum ɗaya cikin 'yan gida ya sani ba. Takalman gudun ma a but ɗin mota yake barinsu, sai ka ce kayan sata.

Likita ne ya fara jawo masa. An auna shi aka ce jininsa ya hau, ya rage zama. To mutumin da aikinsa ke nan zama, a ofishin wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Khabaisi, daga safe har yamma yana kallon kwamfuta, ya dawo unguwar Hor Al Anz ya kwanta a ɗakin da suke haya da wasu 'yan Indiya biyu, mutanen kirki, amma hirarsu da shi ba ta wuce gaisuwa. Iyalinsa suna gida, sai ta waya. Ya fara tattaki bayan an tashi aiki, tattaki ya zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya kai shi duwatsun Hatta sau ɗaya, daga baya mutumin ya tattara ya koma ƙasarsu ya bar shi da jarabar. Kafin ya ankara ya sa sunansa a wata gasa da za a yi farkon shekarar 2020, irin gudun nan da ya fi famfalaki tsawo, wanda ake wuni cur a kansa, kuma duk a kan duwatsun nan.

Wanda bai je Hatta ba zai ɗauka Dubai duk gilashi ce da yashi. Kana barin gari ka miƙe gabas, sai ka ga duwatsu sun taso baƙi-baƙi, ba ciyawa ba inuwa. Ba irin dutsen Kwatarkwashi ba ne da za ka sami shimfiɗaɗɗen wuri ka zauna ka huta. Waɗannan fasassu ne masu kaifi, kana taka su suna zamewa. Wajen hawa yakan dafa gwiwoyinsa da hannu biyu yana tura kansa, numfashi na fita da ƙara. Wajen gangara kuma yatsun ƙafa ne ke karɓar hukunci, har wasu faratansa suka yi baƙi suka fita. Duk Juma'a da sassafe yana can, ya yi sallah a masallacin ƙauyen Hatta, ya dawo gari da ƙafafu kamar na aro. Abokan tafiyarsa awaki ne, sai wani jaki da ba shi da mai shi.

Ba wai babu mutane ba ne. Akwai Turawa da sauransu, rukuni-rukuni, da sandunansu da jakunkunan ruwa a baya. Da farko in suka haɗu a matsattsiyar hanya yakan ja ya tsaya ya gaishe su, yana shirin tambayar gajiya, su kuwa sun ɗaga hannu sun yi gaba. Shi ma ya koyi ɗaga hannun, amma har yanzu sai ya ji an bar shi da magana a baki.

Akwai wani wuya a can saman dutsen, inda hanya ke ƙare hawa ta fara gangara zuwa ɗaya ɓangaren. Nan ne iyakarsa. Ruwan da yake goyawa yana kai shi wuyan nan ya dawo da shi wurin motarsa, ba ƙari. Kuma duk wanda ya san gasar ya ce kada ka kuskura ka shige ta ba ka taɓa tsallake dutsen gaba ɗaya ba, don gangarar bayan ita ce ke karya mutane. Daga wuyan yakan hango can ƙasa, wata hanyar mota mara kwalta da bishiya guda mai ƙaya irin bagaruwa. A ƙarƙashinta masu gudu ke tarar da nasu, mata ko aboki, an buɗe but, an yanka kankana, ana ɗaga musu hannu tun daga nesa. Shi kuwa ya gama kallo ya juya.

Yakan ce wa kansa ruwa ne matsalarsa, da kuma motar da za ta mayar da shi. Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ke nan ba. Abin da Mu'awiya yake so shi ne ya sauko daga dutse sau ɗaya ya tarar da wanda ya san sunansa yana tsaye yana jiransa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ya kuma fi jinsa a wuyan nan fiye da ko'ina.

Wata Juma'a aka wayi gari da ruwan sama a kan duwatsu, aka ce kwaruruwa sun cika, ba a hawa. Rashin abin yi ya kai shi unguwar Al Karama, gidan Alhaji Ɗantani, dattijon ɗan kasuwa daga Kano wanda falonsa ne matattarar 'yan gida bayan an sauko masallaci.

"A'a! Yau wa nake gani?" in ji Alhaji. "Malam Mu'awiya, ashe kana garin nan? Mun ɗauka bizarka ce ta ƙare."

Sanda, abokin kasuwancin Alhaji, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Ko dai an yi amarya a Sharja ba a gaya mana ba?"

Aka yi dariya, aka matsa masa wuri. Da ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, sai ya manta bai sa safa ba. Idon Alhaji ya sauka a kan yatsun nan marasa farce.

"Subhanallahi. Me ya sami ƙafarka?"

Ba wurin ɓuya. Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sanda ya ajiye lomarsa.

"Tsaya tukuna. Wa ke bin ka?"

"Ba kowa."

"In ka zo na ɗaya me za a ba ka?"

"Ai ba zan zo na ɗaya ba. In dai na gama."

Dariya ta ɓarke har wani ya ƙware da miya. Alhaji ma ya dara, amma bai daɗe ba, ya koma yana duban Mu'awiya ta gefen ido. Da aka watse ya sauko da shi har bakin mota, a nan ne Mu'awiya ya yi ta maza, yana kallon tayar motar, ya faɗi abin da ke ransa. Ya yi bayanin wuyan dutsen, da bishiyar, da cewa ba komai ake so ba illa mutum ya zagaya da mota ya tsaya da ruwa.

"Wannan ne abin da ka kasa faɗa?" in ji Alhaji. "Khalas, an gama. Ranar hutun ƙasa ba inda za a buɗe. Ni da Sanda za mu zo, inshallah. Mu ma mu ga dutsen nan da ya ƙwace mana kai."

Kwanakin da suka biyo baya Mu'awiya bai san inda zai sa kansa ba don murna. Ya tura wa Sanda taswirar wurin ta waya, ya sake turawa. Ya sayi jarkar ruwa da kankana ƙatuwa, ya tsaya yana ƙwanƙwasa ta a kanti kamar mai zaɓen ragon layya.

Ranar, gari na wayewa suka haɗu a gindin dutsen, shi a tasa motar, su a ta Alhaji. Ya mayar da jarkar da kankanar but ɗinsu. Alhaji ya fito cikin farar shadda da hula da takalmi sau-ciki, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun ya yi salati.

"Yalla, mu je," ya ce, "mu taka maka. Ba za ka kama hanya kai kaɗai kamar mara gata ba."

Mu'awiya ya so ya hana, amma daɗi ya rufe masa baki. Suka fara hawa a hankali, shi a gaba yana nuna musu inda za su taka. Yau ga shi a kan dutsen nan yana jin Hausa a bayansa, Sanda na tsokanar jakin nan yana ce masa ɗan'uwan Mu'awiya. Ba su yi nisa ba numfashin Alhaji ya canja. Ya nemi dutse ya zauna, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ga shi da ciwon suga. Wayarsa ta yi ƙara, wani ne daga Kano yana cigiyar kwantenarsa, ya ce zai kira shi anjima. Ta sake yin ƙara.

Sanda ya dubi sama ya ce, "Wai yaushe za ka ɓullo ta can ɗin?"

"Wajen la'asar."

"La'asar!" Sanda ya riƙe baki. Sannan ya dubi Alhaji.

A nan bakin Mu'awiya ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Duk wanda ya sami tarbiyya ya san wanda aka raka shi ke sallamar mai rakiya, balle babba ne ya tako saboda kai.

"Alhaji, ku koma haka nan. Ku wuce gida kawai, an gode."

"Haba, ai mun yi alkawari. Za mu zagaya mu jira ka."

Da ya tsaya a nan da shi ke nan, kowa ya fita kunyar kowa. Amma ina, ya dubi farar shaddar nan da ta kwashi ƙura, ya ji nauyi ya danne shi.

"Wurin ba inuwar kirki, Alhaji. Ga jikinka."

"Kai dai je ka. Shwaiya shwaiya, a hankali za mu yi, ai akwai sanyi a motar."

"Ruwan da ke bayana zai ishe ni, na saba. In ka wuni a ranar nan saboda ni, hankalina ba zai kwanta ba."

Alhaji ya daɗe yana dubansa. An faɗa an sake faɗa an kuma nanata, in ya ƙi yanzu kamar ya ƙaryata mutum ne a kan idonsa. Mu'awiya kuwa yana tsaye yana roƙon Allah dattijon ya ƙara cewa a'a sau ɗaya tak. Da ya karɓa da hannu biyu.

"To," in ji Alhaji, "tunda ka matsa."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da sa'a. Suka yi musabaha. Sanda ya kama hannun Alhaji suka fara sauka a hankali, Mu'awiya ya tsaya har ya ga motar ta juya ta hau kwalta. Sai da ta ɓace ya tuna kankanarsa na ciki.

Ya hau dutsen ranar da wani irin haushi da bai san wa zai ba ba. Ba laifin Alhaji, ba laifin Sanda, mutanen nan sun baro barcinsu sun zo. Ya zame ya kurje tafin hannu, bai ko duba ba. Rana ta take sosai lokacin da ya kai wuyan. Ya tsaya yana haki, ya dubi ƙasa. Bishiyar na nan, ga inuwarta ƙarama, ba kowa a ciki.

Nan ne kaɗai waya ke samun sabis a duk hanyar, sai kuwa ta yi ƙara a aljihunsa. Alhaji ne.

"Malam Mu'awiya, ka kai ina?"

"Ina can sama, Alhaji."

"Masha Allah. Mu ma tuni muka shigo gari." Ana jin ƙarar motoci ta wayar. "Ka ga, tun da muka taho raina bai kwanta ba. Tsakaninka da Allah, ba ka so mu tsaya ba? In ka ce mu juyo, yanzun nan Sanda zai juya mota. Kafin ka sauko mun isa."

Mu'awiya ya dubi bishiyar. Gangarar da ya daɗe yana kallo tana gabansa, ƙafafunsa da sauran ƙarfi, kalma ɗaya kawai ake jira. Ya hango dattijon nan ya sake kamo hanyar Hatta cikin rana saboda wasan gudun wani, ya buɗe baki.

"Haba Alhaji. Ai kun gama mini komai. A huta gajiya."

"To shi ke nan. Allah ya yi albarka."

Wayar ta katse. Ya daɗe a tsaye da ita a hannu, iska na busar da guminsa. Sannan ya girgiza jakar bayansa ya ji sauran ruwan, daidai na komawa ne. Ya juya ya bi hanyar da ya fito.