Farar Rigar Tasi'u

Ranar da Tasi'u ya samu gurbin karatu a jami'a, mahaifinsa Malam Nababa ya tambaye shi me zai karanto. Ya ce, "Kemistiri, Baba." Tsohon bai tsaya jin ƙarshen kalmar ba. Kafin la'asar, daga ƙauyenmu har bakin hanyar Dawakin Tofa an san ɗan Nababa ya tafi karatun kemis.

Mu kuwa kemis ɗaya muka sani: shagon magani, inda ake tsira wa mutum allura ya fito yana ɗingishi yana godiya. Tasi'u ya ga an yi kuskure, ya ja bakinsa ya yi gum. Ina zai gyara, tun yana aji ɗaya dattawa ke ce masa Likita? Duk hutu sai ya zo da farar rigar da suke sawa a ɗakin gwaje-gwaje, ya wanke, ya shanya ta a ƙofar gida inda kowa zai gani.

Karatun shekara huɗu ya koma shida saboda yajin aiki. A shekarun nan taki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Duk da haka Malam Nababa ya yanki gefen gonarsa ta bakin titi, a ƙasar da 'yan'uwa ke daina gaisawa kan kunya ɗaya, ya gina shago. Aka buga kanta, aka jera magani, aka rubuta TASI'U KEMIS da jan fenti.

Shi ko Likita, bayan bautar ƙasa ya zaga masana'antun Kano da takardunsa. Wasu a rufe suke, wasu maigadi ne ya sallame shi. Ya dawo gida ya tarar da sunansa a jikin bango.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka buɗe shagon. Liman ya yi addu'a, aka raba dabino, Malam Nababa ya tsaya a bakin ƙofa cikin babbar riga yana amsa barka. Wadda ta fara shiga ita ce Inna Hure, tsohuwar da ta shekara shida tana tara wa Tasi'u ciwon gwiwa.

"Likita, ga ni. Allura nake so, mai zafin nan."

Tasi'u, cikin farar rigarsa, ya dubi sirinji, ya dubi jama'a.

"Inna, ni fa ba magani na karanta ba. Sinadarai na karanta."

"To, sina me?"

"Wato in aka ba ni abu, zan iya gano abin da ke cikinsa."

"Ai na san abin da ke cikin gwiwata, ɗan nan. Ciwo ne."

Wani ya ƙyalƙyale daga baya, dariya ta bi layi. Na dubi fuskar Malam Nababa, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Ya matso ya rage murya.

"Ko allurar kaji ba ka iya ba?"

"Ban iya ba, Baba."

"Kuma ka sani tun ina buga tubali?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

A cikin taron akwai Mati, sa'an Tasi'u, wanda ya gudu daga sakandare a aji uku, ya yi wata shida yana miƙa magani a wani kemis a Bacirawa. Ya ce in ba damuwa, shi ya saba. Inna Hure ta ƙare masa kallo daga hula har silifas, ta ce ita fa ba za ta miƙa jikinta ga mai yagaggiyar taguwa ba.

Malam Nababa ya daɗe yana kallon rubutun jan fentin nan. Sannan ya juyo, bai ko dubi idon ɗansa ba.

"Tasi'u," ya ce, "cire rigar, ka ba Mati."