Abin da Tresa Ta Fi So

Bas ɗin zuwa birnin Kochi ta faɗa rami, kan Tresa ya bugi gilashi, amma bakinta bai daina motsi ba. Mahaifiyarta, wadda kowa a gida ke kira Ammachi, ta zaci addu'a take yi, har ta yi alamar gicciye don ta taya ta. Sai da ta kasa kunne ta ji ashe Turanci ne.

"Tun daga Pala kike tauna abin nan," in ji Ammachi. "Ki bar shi ya huce mana, 'yar nan."

Tresa ta yi murmushi ta ci gaba. Nas ce a wani asibitin kuɗi, kuma wannan ne karo na uku da za ta zauna jarrabawar magana da Turanci. Wani asibiti a Ireland ya ba ta aiki, amma ya ce in ta sake faɗuwa zai ba wata. Rubutu ba ya ba ta tsoro. Baki ne ke cin amanarta, kuma kullum a wuri ɗaya: inda za ta faɗi abin da ta fi so.

Turanci dai a nan fitinanne ne. In ka ce ka fi son yin abu, wata kalmar sai aikin da ke bin ta ya sa wutsiya, wata sai an ɗora masa 'yar ƙaramar kalma a gaba, wata kuma tsirara take son sa. Tresa ta san dokar kamar sunanta. Amma da zarar an zuba mata ido, sai ta liƙa wutsiya inda ba a so, ta cire inda ake nema.

Malam Cherian, mai koya mata Turanci da yamma, ya sha dukan tebur a kanta. Ya ce mai jarrabawa ba limamin coci ba ne, ba gaskiya yake nema ba. Ya haɗa mata amsa ta haddace: in an tambaye ta gida ko waje, ta ce ta fi son zama kusa da iyalinta, dole ce za ta fitar da ita. Wannan bai yi mata wuya ba, don abin da take faɗa wa kowa ke nan. Mijinta na aikin gini a Maskat, 'yarta Minnu ko makaranta ba ta shiga ba, kuma a wurin Ammachi za a bar ta. Matan coci kan kama hannun Tresa su ce, baiwar Allah, za ta bar jaririya don neman na abinci. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta karɓi tausayin.

A Kochi ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ammachi ta samu benci a ƙarƙashin rumfar wani shago, ta rungume jakar abinci, ta ce ba inda za ta.

Mai jarrabawar wata mace ce mai furfura da tabarau, ba fara'a ba ɗaure fuska. Ta tambayi sunanta da aikinta da garinsu. Sannan ta ɗago ta tambaye ta wanne ta fi so, aiki kusa da gida ko nesa da shi.

Tresa ta kama haddarta. Ba ta kai rabin jimla ba ta yi tuntuɓe. Ta koma baya, ta sake tuntuɓe a wurin. Matar ta yi ɗan rubutu. Tresa ta ji aikin yana sulalewa daga hannunta, sai kuma wani haushi ya taso mata, na kanta da na ƙaryar da ta gaji da ɗauka. Tunda dai faɗuwa ce, ta ce a ranta, gara ta faɗi da gaskiyarta.

Ta ce ta fi son tafiya. Ta fi son ta kwana a ɗakin da ba mai ƙwanƙwasa mata, maimakon ta tashi daga asibiti ta tarar da wani aikin yana jiranta a gida. Ta gwammace ta bi titin da ba wanda ya san 'yar wane ce ko matar wane. Ta ce tana son 'yarta fiye da ranta, kuma duk da haka tana son tafiya, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Maganar ta yi ta zuba, kowace kalma ta zauna inda ya dace, ita ba ta ma lura ba. Sai da matar ta ɗaga hannu ta ce lokaci ya yi.

Ta fito jikinta sakayau. Sakamako sai nan gaba, amma wanda ya yi da kyau ya sani.

Ammachi ta kwance ganyen ayaba, ga dafaffen rogo da miyar kifi. Ta tambayi me aka tambaya, Tresa ta faɗa mata. Ta tambayi me ta amsa. Tresa ta faɗa mata wannan ma, da harshensu, idonta a kan rogon.

Tsohuwar ba ta yi mamaki ba. "To ai na sani," ta ce. "Ni na haife ki. Duk ranar da aka yi zancen jirgi sai kin ƙara loma."

Dariya ta kuɓuce wa Tresa har da ƙwalla. Daɗi ya cika ta, sai ta gyara zama, ta kwaikwayi muryar mai tabarau don wasa. "To Ammachi, saura ke. Wanne kika fi so, ki yi renon Minnu ko ki huta?"

Ta zaci za a bugi hannunta a ce ta daina shirme. Amma Ammachi ta tsaya kallon motoci suna watsa ruwa, har Tresa ta fara jin ba daɗi.

"Biyar na rena," ta ce a hankali, "ga na yayanki biyu. Gwiwar nan ba ta ƙara goyo. Da so samu ne, in koma ƙauye wurin ƙanwata, in yi barcin safe ko na shekara ɗaya kafin Ubangiji ya kira." Ta zare ƙaya daga kifin, ta tura tsokar gaban Tresa. "Amma ni ba a sa ni jarrabawa ba. Ci, kada bas ta tafi ta bar mu."

Tresa ta ɗauki lomar. Ta daɗe riƙe da ita, tana kallon kumburarrun yatsun da ke naɗe ganyen, ta kasa kai ta baki.