Lambar da ke Ƙarƙashin Sitika

Tana tsakar karyawa yayanta ya kira, muryarsa har rawa take don murna. Katin hoto na kwamfuta da ya yi wata uku yana jira ya iso. Shi mai zanen gine-gine ne, kwamfutarsa kuwa ta gaji: in ya ce ta juya masa gida mai hawa uku ya ga bayansa, sai ta tsaya tana nishi, hoton yana tafiya da ɗingishi.

"Auta, zo ki dasa min shi kawai. Aikin minti biyar ne."

Shekararta takwas tana gyaran kwamfuta, ta kuma san duk aikin da aka ce na minti biyar ne sai ya cinye yini. Ta jefa sukudireba da injin hura iska a jaka ta fita.

Ofishin Yaya ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebur cike da naɗaɗɗun takardu da kofunan shayi da suka bushe. Ya miƙo mata kwalin da hannu biyu kamar jariri. Ta juya bayansa ta karanta. Katin yana son akwatin wuta na cikin kwamfuta mai ƙarfin wat ɗari bakwai da hamsin, da wayoyi biyu masu haƙora takwas-takwas.

"Yaya, ka duba akwatin wutarka kafin ka saya?"

"Wane dubawa? Ba wuta ba ce? Ga ta nan a bango."

"Wannan kati baƙo ne mai ci. Kafin ka sauke shi sai ka leƙa tukunyarka."

Ta durƙusa ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin tebur, inda take zaune kusa da takalmansa. Tana zare murfin, wani wari ya buge ta, mai ɗumi, mai maiƙo, har cikin maƙogwaro. Kyankyasai suka watse, manya da 'ya'yansu, ɗaya ya hau yatsanta ya nufi cikin hannun riga. Ta yarfe shi ta miƙe, tsikar jikinta duk ta tashi. Ƙura ta yi kauri a ciki kamar bargo. Ƙwan kyankyaso jere a jikin wayoyi. Shayin da ya taɓa zubewa ya daskare a gindi, ɓurɓushin biredi ya manne a kai. A cikin fankar baya ga wata tsaka ta bushe ƙamas, baki a buɗe.

"Yaya! A nan kake zane ko a nan kake kiwo?"

"To ni ina na san abin da ke ciki?" Ya matsa baya yana toshe hanci, sai ka ce kayan wani ne.

Ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta kai kwamfutar baranda, ta hura ta har sai da masu shagon ƙasa suka ɗago kai suna tari. Sannan ta kwance akwatin wutar ta goge gefensa. Sitika mai shuɗin baki ta bayyana, an rubuta 750 ɓaro-ɓaro.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Daidai wa daida. Dasa min abina."

Auta ta ɗaga akwatin a tafin hannu, ta ji shi sakayau kamar gwangwanin da babu komai. Wayoyinsa sirara, mai haƙora takwas ko ɗaya babu, sai guda mai shida. Danshi ya ɗan ɗaga kusurwar sitikar. Ta sa farce ta ja a hankali. A ƙarƙashi ga takardar asali, ta koɗe amma tana karantuwa: 350.

"Da na dasa," ta ce, "ranar da ka ɗora masa babban zane akwatin nan zai mutu, in ka yi sa'a shi kaɗai. In ba ka yi ba ya tafi da katin. Wa ya haɗa maka wannan?"

"Oganki mana. Ba ke kika tura ni ba?"

Ta sake kallon sitikar da ta ɓare rabi. Ta san wannan shuɗin bakin. Shekararta ta farko a shagon Oga, mutumin da ya koya mata sana'a, ita ke yanka irinsu da almakashi tana liƙawa. Ya ce mata takardun asali ne ke gogewa a hanya, ana sabunta su. Ba ta taɓa tambaya ba. Har daɗi take ji in ta liƙa ta shafe da babban yatsa ya kwanta lumui. Guda nawa? Ɗari? Sun fi.

"Ba a samun wata 'yar waya a jona?" Yaya ya tambaya. "Na ga ana yi."

"Ana yi, ana kuma kiran 'yan kwana-kwana. Kada ka taɓa komai sai na dawo."

Ta sami Oga a kan kujerarsa ta kullum bayan kanta, yana sakace, tumbinsa ya ture maɓallin riga. Wata mata sanye da kayan ma'aikatan jinya na tsaye ana ɗaure mata sabuwar kwamfuta. Auta ta gaishe shi, don ba ta iya tsallake gaisuwa ba, sannan ta ajiye akwatin a gabansa da sitikar a ɓare rabi.

Ya leƙa, ya tofar da abin da ya sakato a ƙasa.

"Ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, Oga."

"To? Shekara huɗu yana aiki. Mutane lamba suke saye, 'yata, ba wuta ba. Wa ya taɓa cin rabin abin da aka rubuta?" Ya yi dariya, haƙoransa suka fito. "Ke da kika fi kowa iya liƙawa? Har yau ban samu mai hannunki ba. Ko kumfar iska ba kya bari."

Ji ta yi kamar ya shafa mata majina a fuska. Yabon da ta yi shekaru tana nema a bakinsa ke nan.

"Da kin ce na yayanki ne ai da ban ba shi wannan ba," ya ƙara, yana rage murya. "Na gida daban ne. Shiga ciki ki ɗauko mai kyau, na ba ki."

Ta kalli hannun da ya nuna mata ƙofar da shi, tsinken sakacen yana tsakanin yatsu, jiƙe. Ta juya wurin matar.

"Baiwar Allah, kafin ki ɗauka, ki ce a buɗe a ɓare miki sitikar akwatin wuta. Ki ga abin da ke ƙasa."

"Ke!" Oga ya miƙe, kujera ta faɗi. "Ni za ki tona? Ni da na mayar da ke mutum?"

Matar ta riga ta ɗora hannu a kan igiyar ɗaurin tana cewa a kwance. Auta ta fita. A bakin titi ta tsaya ta tofar da yawu sau biyu, ɗacin bai bar bakinta ba.

A wani shago can ƙarshen layi ta zaɓi sabon akwati. Ta jinjina nauyinsa, ta ƙirga haƙoran wayoyin, ta kankare kusurwar takardar da farce a gaban mai shagon, yana kallonta kamar mai taɓin hankali. Kafin la'asar ta ɗaura shi, ta dasa katin, ta danna maɓalli. Gidan mai hawa uku ya juya sumul. Yaya ya yi ta juya shi hagu da dama yana kiran ta Injiniya, ita ko tana wurin famfo tana wanke hannu karo na huɗu.

Da ta koma shagonta ta zauna ta lalubo lambobin mutanen da ta taɓa turawa wurin Oga. Ta tuna goma sha ɗaya: malamar makaranta, mai ɗakin hoto, wani kawunsu, da sauransu. Kowa ta kira sai ya ce ai kwamfutarsa lafiya lau, me ya faru? Ta ce su dai bar ta ta zo ta duba. Sati guda ta yi tana zagayawa da sukudireba, tana ɓare sitika a gaban masu su. Bakwai daga ciki na ƙarya ne. Mai ɗakin hoto ya tambaye ta wane marar tsoron Allah ne ya liƙa wannan abu haka tsaf. Nasa tsoho ne, tun na shekararta ta farko a shagon Oga.

"Ni ce," ta ce masa, ta ci gaba da kwance ƙusoshin.