Ranar da Sabi'u Mahauci Ya Ce Ya Ji Tsoro

Yatsun Hanzala goma sun riga sun zagaye wuyan Sabi'u kafin mutanen layin mahauta su gane ba wasa ake yi ba. Tsakar rana ce a kasuwar Garwa, mata na tsaye da kwandunansu suna jiran a yanka musu tsoka, sai ga ƙato ya ɗaga mai naman sama, ya maka bayansa a kan tebur, ya danne.

"Ni za ka tona wa asiri? Ni? Yau sai na ga abin da zai hana ni gamawa da kai!"

Hanzala ɗan dako ne, shi ke kawo nama daga mayanka a bayan babur, kuma shi kaɗai yake saɓa rabin bijimi a kafaɗa. Da safiyar nan ya kawo cinyoyi biyu marasa tambarin likitan dabbobi. Sabi'u ya shinshina, ya ce mushe ne, da muryar nan tasa da ba ta san hankali ba. Likitan yana layin, ya ji, ya zo ya kwarara wa naman kananzir a gaban kowa.

Yanzu muryar ta maƙale. Sabi'u ya shura, ya yi yaƙushi, duk a banza. Rumfa ta fara juyawa, hayaniyar kasuwa ta yi nisa. Hannunsa na dama ya lalubi tebur, ya taɓa ƙotar wuƙa. Sau ɗaya ya kai ta, a ƙasan haƙarƙari.

Hanzala ya sake shi. Ya dubi cikinsa da mamaki, ya zauna a ƙasa a hankali. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Wanda ya fara isa kan Sabi'u shi ne Ishaku, Sarkin Fawa, tsohon da ya koya masa riƙon wuƙa. Kallo ɗaya ya yi wa wandonsa ya ga ya jiƙe sharkaf tun daga ƙugu, kuma ba da jini ba. Mata na kallo. Ishaku bai yi shawara da kowa ba, ya sunkuci bokitin wanke nama ya sheƙa masa daga kai har ƙafa, yana cewa, "Ku ba shi iska, zafi ne!" Sannan ya warware rawaninsa ya naɗe masa wuya, don kada a ce an ga shatin yatsun wani a jikin mahauci.

Haka 'yan sanda suka tafi da shi komisariya, wato ofishinsu, a jiƙe, asirinsa a rufe.

Matarsa Sadiƙa ma ta yi nata ƙoƙarin. Safe da yamma tana zuwa da tuwo da ruwan zafi a fulas, ta gasa masa wuya da tsumma, ta shafa man shanu. A kwana na uku shatin ya kusa ɓacewa, kuma a ranar ne lauyar da ƙungiyar mahauta ta ɗauko ta iso. Metir Béatrice, kamar yadda ake kiran lauya a nan, 'yar garin Gidar ce, gajeriya, Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙure mata ta cike da Faransanci.

Ta ɗaga haɓarsa ta duba wuyan. Ta sake dubawa.

"Ina tabon?"

"Alhamdulillahi, ya warke," in ji Sabi'u.

"Ya warke." Ta ajiye jakarta a hankali. "Likita ya gani kafin ya warke? An ɗauki hoto?"

"Hoton me, Metir? A nuna wa duniya an shaƙe ni?"

Ta ja kujera ta zauna. "Saurara, Malam Sabi'u. Mutumin nan ya mutu, kuma ko tsinke babu a hannunsa. Kai kana da wuƙa. Doka ba ta ce sai wanda ya taso maka yana da makami ba, hannu ma yana kisa. Amma ta ce dole abin da aka yi maka ya kai ka ji tsoron mutuwa, kuma ba ka da wata hanyar kuɓuta. Shi ne légitime défense, kare kai. In an yarda, ka koma gida. In ba a yarda ba, 'ya'yanka za su yi aure kana kurkuku. To, ka ji tsoro?"

Sabi'u ya gyara zama. "Tsoro kuma? Ni dai raina ne ya ɓaci."

"Mon Dieu. Haka ka faɗa wa 'yan sanda?"

"Haka na faɗa."

Ta zaro takardu. "Bari ka ji abin da masoyanka suka faɗa, su ma. Sarkin Fawa: 'Sabi'u bai san tsoro ba tun yana yaro. Mutum bakwai ya kayar a damben Yagwa. Da ya ga dama, da hannun hagu zai watsar da Hanzala.' Wani kuma ya ce tara ne, ba bakwai ba. Mutum goma sha ɗaya suka zo da ƙafarsu, ba wanda ya kira su, kowa ya rantse kai zaki ne. Ka san me mai gabatar da ƙara zai ce? Zakin da zai iya da hannun hagu, me ya kai shi ɗaukar wuƙa?"

Sabi'u ya sosa ƙeya. Maganar Yagwa ita ce jarinsa a layin mahauta shekara goma sha biyar. Gaskiyarta kuwa, sau ɗaya ya taɓa naɗe hannu, bayan girbin shinkafa, kuma abokin karawarsa santsi ne ya kwashe shi kafin a kai naushi. Daga Yagwa zuwa Garwa hanya ce mai tsawo, mutum ɗaya ya zama uku a mota. Sauran huɗun a teburin mai shayi suka ƙaru.

"Akwai wanda ya ga wani abu da zai nuna ka firgita?" in ji Béatrice. "Ka yi ihu? Ka roƙe shi?"

Ya tuna wandon. Ya tuna bokitin. Ya ce, "Babu."

Washegari aka kai shi ofishin mai gabatar da ƙara, wani dogon mutum mai gilashi wanda fanka ke kaɗa wa takardu. Sabi'u na shiga ya yi turus. A kan benci, cikin farar riga, da carbi a hannu, ga Malam Dawuda, mahaifin Sadiƙa, malamin da rabin unguwarsu ya yi karatun allo a zaurensa. Ya zo ne ya tsaya wa surukinsa. Shekara goma sha biyu da aure, Sabi'u bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko ido ba su taɓa haɗawa ba. A bayansa kuma ga Ishaku ya sha babbar riga, yana ɗaga masa dunƙulen hannu.

Tafinta ya juya tambayar farko. "An ce kai gwanin dambe ne. Haka ne?"

Ishaku ya amsa daga baya. "Ranka ya daɗe, gwani ma ai kaɗan ne! Wannan da kake gani..."

"A fitar da shi in ya ƙara," in ji mai gilashi. "Kai nake tambaya. Lokacin da marigayi ya riƙe ka, me ka ji?"

Béatrice ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sabi'u ya dubi siminti. Ya ga fuskar Hanzala sanda yake duban cikinsa, fuskar da ta hana shi runtsawa kwana huɗu. Ya ga 'yarsa ƙarama tana jiransa a ƙofar gida. Ya kuma ji ƙarar carbin Malam, ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji... zafi."

"Zafi kawai?"

"Da ɗan jiri."

Mai gilashi ya ɗauki biro, ya jawo takardar tura mutum gidan yari. Sabi'u ya ga kan biron ya sauka a kan layi, sai bakinsa ya ɓalle.

"Tsoro na ji! Wallahi tsoro na ji, ranka ya daɗe! Na ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Ban taɓa kayar da kowa ba, na Yagwa santsi ne ya kayar da shi. Hanzala ya ɗaga ni ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Fitsari na yi a wando, a gaban mata, Sarki ne ya zuba mini ruwa ya rufa mini asiri. Ban so ya mutu ba, so nake ya sake ni in yi numfashi!"

Tafinta ya juya maganar duka, har da wandon, da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa. Mai gilashi ya juya ga Ishaku.

"Haka aka yi?"

Ishaku ya sunkuyar da kai. "An dai zuba ruwa."

Sai Malam Dawuda ya yi gyaran murya. Sabi'u ya so ƙasa ta tsage.

"In an ba ni dama. Yaron nan gaskiya ya faɗa. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, tinkiyata ce ta yi atishawa a bayan zaure, sai da muka aika aka kamo shi a bakin masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa. Dalilin da na ba shi 'yata ke nan. Na ce wannan ba zai taɓa ɗaga mata hannu ba."

Mai gilashi ya cire gilashin ya goge ido. Ya ture takardar farko, ya jawo wata. An sake shi zuwa ranar shari'a, Malam ne mai tsaya masa, kuma za a sake kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya.

A bakin ƙofa Béatrice ta riƙe masa hannun riga. "Wata biyu kafin a zauna. Daga yau kai matsoraci ne, ka ji? Ko kaza ta tare maka hanya, ka kauce mata. Kalmar dambe kada ta ƙara fita a layinku."

"Ai ta mutu, Metir," in ji Ishaku, kamar mai ta'aziyya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Sabi'u na zaune a ƙofar gida yana karɓar 'yan jaje, waɗanda ke gaishe shi suna satar kallon wandonsa, sai wata farar mota mai lasifika a ka ta tsaya. Wani mai jar hula da zoben azurfa a kowane yatsa ya fito, rungume da damin takardu.

"Salamu alaikum! Ina zakin? Kai ne? Kai, jikin bai nuna ba, amma haka manyan suke!" Ya kama hannun Sabi'u da hannu biyu. "Sunana Ziyad, daga unguwar Domayo ta Marwa, ni ke haɗa dambe. Labarinka ya iso mana tun ranar Talata. Mutum goma sha biyu a Yagwa, ga kuma ƙaton da aka ce da naushi ɗaya ka fara gigita shi!"

Ya warware takarda ɗaya. Hoton Sabi'u ne na katin ɗan ƙasa, an ɗora shi a kan ƙirjin wani basamude mai naɗaɗɗen hannu.

"Asabar mai zuwa za ka kara da Ɗan Logon. Kada ka damu da talla, mun gama. Ɗari biyar muka manna, tun daga Gidar har nan. Bangon kotu ma mun sa guda shida, wurin yana da jama'a."