Jauro Ya Auna Manya

Khaula ta tsuguna a inuwar wata tirela a kara, kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, kwamfuta a cinya, wayarta ɗaure a madubin motar saboda nan kaɗai intanet yake yarda ya tsaya. Ta sake buga umarnin a baƙin allon nan da ba hoto ba ado, sai rubutu. Abin da take nema ba shi da yawa: bayanan manhajar da ke kan Jauro, daga rumbun intanet ɗin da hukumarsu ke ajiye ta.

Jauro mutum-mutumi ne mai taya huɗu, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba. Ita ta haɗa shi don ya riƙa auna zafin jikin shanu, ya gano mara lafiya kafin cuta ta bi garke. Yau Babban Sakatare zai zo ya gani. In ya gamsu aiki ya ci gaba, in bai gamsu ba a rufe sashen, Khaula ta koma gyara wa ogogi firinta, aikin da ta tsana kamar ciwon haƙori.

"Har yanzu?" Dakta Fatihu, daraktanta, ya leƙo yana toshe hanci da hankici. Tun safe yake taka ƙasar kara kamar ana cajinsa kuɗin kowane taku.

"Yana zuwa, oga."

Rubutu ya zubo: sunan manhaja, nau'o'inta, ranar da aka taɓa kowanne. Khaula ta bi da yatsa har ƙasa. Nau'in da ke kan Jauro ba nata ba ne. An sauya shi lokacin da take hutu, kuma cikin kayansa babu sashen awo ko kaɗan, sai fayil ɗin murya ɗaya jibgege.

"Oga, wa ya taɓa min manhaja?"

"Ni na sa aka gyara. Kunna ki ji."

Ta kunna. Jauro ya ɗaga kai ya fara: "Mai girma, Injiniya, Dakta, Alhaji, uban marayu, gatan ma'aikata…" Ya yi ta jerowa har wani ɗan dako ya ajiye kayansa ya tsaya sauraro, ya gaji, ya ɗauka ya wuce.

"Ina awon shanun?"

"Wuri ne ya yi kaɗan, aka cire. Ke yarinya ce, Khaula. A garin nan gaisuwa ita ce aikin, saura duk cikon benci ne."

Ranta ya ɓaci sosai, amma ta ce to. Da ya tafi duba kujeru, ta koma baƙin allonta. Nau'inta na asali yana nan a rumbun, ba wanda ya damu ya goge shi. Ta yi bismilla ta mayar da shi kan Jauro. In kora ce, gara a kore ta a kan aikinta.

Bayan azahar jiniya ta shigo kara. Bappayo, dillalin da ya yarda ya ba da aron bijiminsa, ya jawo shi zuwa gaban Jauro, inda Khaula ta shata masa da alli. Amma masu hoto na ɗaga kyamara manya suka yunƙuro. Aka ture bijimi, aka ture mai bijimi, Babban Sakatare ya gyara babbar riga ya tsaya cak a kan allin. Khaula ta buɗe baki ta yi magana, Dakta Fatihu ya riga ta danna maɓalli yana washe baki, yana jiran kirari.

Jauro ya haska ɗan jan haskensa daga hula zuwa tumbi. Sannan ya yi magana da muryar Khaula, wadda ta naɗa tun bara:

"Lafiyayye ne. Ya yi ƙiba. Ya isa kasuwa."

Ba wanda ya kalli Jauro. Kowa fuskar Babban Sakatare yake karanta, ya ga ko dariya za a yi ko jana'iza. Khaula ta riga ta hango kanta rungume da firinta.

Sai tumbin ya fara rawa. Mutumin ya yi dariya har da share hawaye, nan take ma'aikata suka gano cewa abin da ban dariya.

"Likitana kullum sai ya tsorata ni, ga wanda ya san aikinsa," ya ce. "Fatihu, zo nan. A auna min shi."

Dakta Fatihu ya tako kan allin, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Zafi ya hau," in ji Jauro. "A ware shi daga garke."

Wannan karon ba wanda ya jira izini kafin ya yi dariya. Babban Sakatare ya nemi wadda ta haɗa abin, aka turo Khaula gaba.

"Aiki ya yi kyau, 'yata, ba mai rufe miki sashe. Yanzu za a tafi da shi ofishina, a can zai zauna. Ina da baƙi da yawa da nake so ya gani."

"Ranka ya daɗe, don shanu aka…"

Ya riga ya juya. Aka sungumi Jauro aka sa a bayan motar hukuma, jiniya ta fita yadda ta shigo.

Khaula na naɗe waya Bappayo ya matso, igiya a hannu. Tun asuba ya wanke bijimin, har ƙahonsa ya goge.

"Hajiya, namu awon fa? Jiya bai ci abinci sosai ba, na ce bari in kawo shi ya gani."

Ta kalli hanyar da motar ta bi. Ta ajiye kwamfutar a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a wuyan bijimin. Da zafi.